Haƙorin hankali ya kumbura: a sha kafso ko a cire?

Zaren naman layya ne ya jawo min. Kwana biyu da Babbar Sallah, ina zaune a ƙofar gidanmu a Aboabo, nan Kumasi, na ji wani abu ya maƙale can ƙuryar baki, gefen hagu ta ƙasa, inda harshe ma da ƙyar yake kaiwa. Na sa tsinke na sakace, na kurkure, na manta. Washegari dasashin wurin ya tasa kamar ƙwayar gurjiya, duk rufe bakin da zan yi sai haƙorin sama ya sauka a kansa. Kafin kwana uku wani ruwa mai gishiri-gishiri da ɗoyi ya fara tsattsafowa, har ina kau da kai in ɗalibi ya matso zai biya karatu. Cikin shekara ɗaya da rabi abin ya dawo min sau uku, kuma kowane zuwa hanya ɗaya nake bi: shagon magani na bakin layinmu, a ƙirgo min kafson antibayotik, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ja da rawaya, wanda Asantawa ke kira topaye, a haɗa min da Flagyl, in sha kwana biyu, in ji sauƙi, in ajiye ragowar a saman firji.

Tun da aka cire min haƙorin hankalin da ke wurin na zama wurin tambaya a gida da makarantar da nake koyarwa. Duk wanda nasa ya tashi sai a ce ya je wurin Malam, kuma tambayar ɗaya ce: magani ya wadatar, ko sai an cire? Ni malamin makaranta ne, likitanci ba fannina ba ne, amma na bi hanyoyin biyu da bakina, na kuma dami likitocin haƙori da tambaya har suka saba da ni.

Sai an san yadda wurin yake kafin a gane abin da ya sa magani ke aiki yau, ciwo ya dawo bayan wata huɗu. Haƙoran hankali huɗu ne ga wanda nasa suka cika, ɗaya a ƙarshen kowane layi, su ne ke cika haƙoran babban mutum 32. Galibi tsakanin shekara 17 da 25 suke fitowa, bayan sauran 28 sun daɗe da kama wuri. Kamar wanda ya iso masallaci an riga an ta da iƙama ne: in ya sami gurbi ya shiga sahu lafiya lau, in bai samu ba ya tsaya bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na ƙasa su suka fi shiga wannan hali. Wani ya fito a miƙe amma fatar dasashi ta rufe rabinsa na baya kamar hula, wani ya karkata ya dafa maƙwabcinsa da kai, wani kuma kwance yake cikin ƙashi. Ƙarƙashin hular nan akwai ɗan aljihu. Buroshi ba ya shiga, asuwaki ba ya shiga, amma ƙwayar shinkafar waakye da ɓawon gyaɗa da zaren nama suna shiga su zauna. Wuri ne mai ɗumi, mai laima, babu iska, kuma akwai ƙwayoyin cutar da irin wannan wuri suka fi so. Su ne masu kawo ɗoyin. Hular ta kumbura, haƙorin sama ya riƙa taune ta, ta ƙara kumbura.

To, kafso fa? Ka haɗiye shi, ya narke a ciki, ya bi jini, jini ya kai shi duk naman da yake ratsawa. A naman dasashi da kuncin da ya kumbura aikinsa yana kyau ƙwarai, shi ya sa bayan kwana biyu zuwa uku kake jin kamar an sauke maka kaya. Sai dai cikin aljihun nan jini ba ya gudana. Tarkacen abincin yana nan, dattin da ya manne jikin haƙori yana nan, in mugunya ta taru ita ma maganin ba ya ratsa ta sosai. An kashe maciji ba a sare kai ba. Haka yake in haƙorin kansa ya ruɓe har rami ya kai ga jijiyarsa ta mutu: jini ya daina shiga cikinsa, ko kwali guda ka shanye maganin ba shi da hanyar isa can. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da jagora a 2019 a kan ciwon jijiyar haƙori da kumburin da bai wuce wurinsa ba, inda ta ce ga mai ƙoshin lafiya aikin likita a kan haƙorin da maganin rage zafi ake buƙata, a bar antibayotik sai ciwon ya nuna alamar yaɗuwa.

Da yawanmu ma don zogi muke shan kafso, alhali shi ba ya kashe zogi. Abin da ke ba mutum barci a daren farko shi ne ibuprofen da paracetamol. Ga babban mutum mai lafiya, ibuprofen miligiram 400 bayan cin abinci, da paracetamol 1000, kada paracetamol ya wuce 4000 a yini da dare. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da wanda ibuprofen ke tayar masa da asma, su tsaya ga paracetamol har su ga likita. Tramadol kuwa, mun ga abin da ya yi wa samarin zango, kada haƙori ya zama ƙofar shigarsa gida.

Kada a ce Malam ya kushe antibayotik. Akwai ranar da ba a yi sai da shi, wato ranar da ciwon ya tsallake dasashi: zazzaɓi ya zo, jiki ya mutu, kunci ya kumbura har ana gani daga nesa, kaluluwa ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi, baki ya fara ƙin buɗuwa. Wata likita ta koya min gwaji mai sauƙi. Jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Lafiyayyen baki yana ɗaukar ukun. In biyu ma sai da ƙyar, ciwon ya taɓa naman da ke motsa muƙamuƙi, maganar ta wuce ruwan gishiri. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda wata cuta ko maganin daji, su ma likita yakan yi saurin rubuta musu, don nasu ya fi saurin bazuwa.

Magungunan da ake rubutawa su ne dai waɗanda muka sani. Metronidazole, wato Flagyl, shi ne gwanin ƙwayoyin da ba sa son iska, sai amoxicillin, in abin ya yi tsanani a haɗa biyun. A jagorar da likitocin haƙori ke bi a Sikotland, Flagyl miligiram 400 ne sau uku a rana na kwana 3, ko amoxicillin 500 sau uku a rana na kwana 3, tare da wanke wurin. Likitan da ya duba bakinka na iya ƙara kwanaki gwargwadon abin da ya gani. Sau uku a rana kuwa kusan kowace awa takwas ake nufi, ba uku tsakanin azahar da isha'i ba. Ni kuwa ƙwaya ɗaya nakan sha da safe, ɗaya in na tuna, da zogi ya lafa in daina. Alexander Fleming, wanda ya gano penicillin a 1928, tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗi a kan irina: mutumin da zai sayi maganin a shago, ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya sakamakon ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi ƙamari. Ghana ta ƙaddamar da manufarta ta yaƙi da wannan matsala a 2018. A doka ma, amoxicillin da Flagyl magunguna ne na takardar likita, ƙananan shagunan kemikal ba su da izinin ƙirga su yadda ake ƙirga mana.

Ko a jikin mai shan ma kafso ba kyauta yake aiki ba. Yana kashe ƙwayoyin kirki na hanji tare da na banza, sai gudawa. Mata kuma wasu ya bar su da ƙaiƙayin gaba. Wanda jikinsa ba ya karɓar penicillin, amoxicillin na iya fesa masa ƙuraje, ko ya kumbura masa fuska ya toshe numfashi, don haka duk wanda magani ya taɓa yi masa haka ya faɗa tun kafin a ɗauki biro. Flagyl yana sa baki ɗanɗanon ƙarfe kamar ka tsotsi tsabar kuɗi, kuma ba ya shiri da barasa har kwana biyu bayan an gama shi. Za a ce mu ba mashaya ba ne, gaskiya ne, amma magungunan gargajiya na kwalba irin su bitas da yawa da barasa ake jiƙa su. Mai shan warfarin don tsinka jini ya faɗa, Flagyl yana ƙara masa ƙarfi har a yi ta zubar jini. Launin kafso kuma ba suna ba ne. Tetracycline ma ja da rawaya yake zuwa, shi kuwa ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, yana ɓata launin haƙoran yaro har abada. Masu fasa kafso su zuba garin a kan dasashi, da masu danna aspirin a wurin, ƙuna kawai suke ƙara wa naman.

Akwai hanya ta uku wadda ban san da ita ba sai da na raka 'yar yayata, kuma ita ce ta fi dacewa da mafi yawan masu zuwa wurina. Shekararta 19, haƙorin yana kan fitowa a miƙe, karon farko ke nan da ya kumbura, ba zazzaɓi, baki yana buɗuwa. Tun a gida take kuka, "Kawu, wallahi ba zan yarda a cire min ba." Likitar ta duba ta ce ba ma maganar cirewa. Ta ɗauko sirinji mai lanƙwasasshen baki marar tsini, ta zura shi ƙarƙashin hular, ta tura ruwan gishirin asibiti. Ina tsaye ina kallon abin da ke fita cikin kwanon tofi: farin datti kamar dusa, wani baƙin ɗigo da ta ce ƙwayar barkono ce, da ɗan jini. Sau huɗu ta cika sirinjin. Ba a ba ta kafso ko ɗaya ba. Aka ce ta riƙa kurkure da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri bayan kowane abinci, ta yi kwanaki kaɗan tana amfani da ruwan kurkure na chlorhexidine, ta sayi buroshi mai ƙaramin kai wanda zai kai ƙurya. Haƙorin ya ƙarasa fitowa, hular ta janye da kanta, shekara biyu ke nan shiru. Wani lokaci in hular ta ƙi janyewa akan yanke ta, sai dai takan sake tsirowa. Wani lokacin kuma haƙorin sama mai taune ta ake cirewa, shi da cirewarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Nawa ba irin nata ba ne, hoto ne ya nuna haka. Akwai babban hoton da injin ke zagaya kai ya ɗauko muƙamuƙi gaba ɗaya, daga kunne zuwa kunne. A ciki na ga haƙorina ya karkata ya tokare maƙwabcinsa, irin wanda ko shekara goma aka jira ba zai miƙe ba. Likitan ya nuna min wani ɗan baƙin tabo a bayan maƙwabcin, daidai inda suka haɗu, ya ce, "Malam, ka ga nan? Wannan ya fara ruɓewa." Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Shekara ɗaya da rabin da na yi ina kwantar da ciwo da kafso, abinci yana nan maƙale tsakanin haƙoran biyu yana cin wanda nake tauna da shi. Wannan ita ce asarar da mai shan kafso ba ya sa ta a lissafi, don ba ta zogi sai ta yi nisa. Wasu sai sun rasa biyu a madadin ɗaya.

Cirewar kanta ba ta kai yadda ake ba da labari ba, amma kuma ba wasa ba ce. An yi min allurar kashe wuri, cikin 'yan mintuna rabin leɓena na ƙasa da rabin harshe suka zama kamar na aro. Zafi ban ji ba. Abin da ake ji shi ne dannawa, kamar mutum ya dafa maka muƙamuƙi da dukan ƙarfinsa, sai ƙarar injin, sai wani ƙas da ke ratsa kai lokacin da aka raba haƙorin gida biyu. An tsaga dasashi kaɗan, an goge ɗan ƙashin da ya riƙe shi, an fito da shi gutsure biyu, aka yi ɗinki. Na ciji auduga rabin awa, na hau pragya, keke mai ƙafa uku, na koma gida. Kumburin ya fi yawa a rana ta biyu da ta uku, har yaran gida suna leƙe suna dariya. Kwana uku ban je makaranta ba, mako guda ina kan koko da ya huce, da fura, da tuwo mai laushi da miyar ayoyo. Warkewa sosai takan ɗauki har mako biyu.

Ranar farko ita ce mai dokoki. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa, in ya fita ƙashi ya zauna a buɗe. Don haka awa 24 na farko ba kurkure mai ƙarfi, ba tofi da ƙarfi, ba zuƙar abu da tsinken roba, ba abu mai zafi, taba kuwa a yi nesa da ita kwanaki. Masu tambayar alwala: kurkurar baki sunna ce a mazhabarmu ta Malikiyya, alwala ba ta ɓaci don an bar ta saboda lalura, ko a sa ruwa a hankali a bar shi ya zubo da kansa. In murfin ya fita, tsakanin kwana uku da biyar za a ji wani zogi mai tafiya har kunne, ya fi na farko. An fi samun haka a haƙoran hankali na ƙasa, da kuma masu shan taba. Shi ma kafso ba ya maganinsa. Komawa ake yi a wanke ramin a cusa wani magani, wanda da ka ji ƙanshinsa za ka gane man kanumfari ne a ciki. Kanumfarin da kakanninmu ke dannawa a haƙori ba banza ba ne, yana kashe zogi na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan.

Haɗarin da ya kamata a zauna a yi magana a kansa kafin a sa hannu shi ne jijiya. Akwai wadda ta bi cikin ƙashin muƙamuƙi na ƙasa, ita ke ba leɓe da haɓa ji, kuma saiwar haƙorin hankali takan kusance ta. Akwai wata a gefen harshe. In aka taɓa su, leɓe ko harshe ya yi ta jin kamar allurar ba ta sake shi ba. Mafi yawa yakan warware cikin makonni ko watanni, ƙalilan ne ƙwarai yake zame musu dindindin. Amfanin babban hoton ke nan. In saiwar ta rungumi jijiyar, akwai aikin da ake yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a wurinta. Maganar da ake yi a zaure cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido kuwa ba ta da tushe. Abin da ke barazana ga ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari har kumburinsa ya hau fuska. Mai hawan jini, mai suga, mai sikila, mai shan maganin tsinka jini, duk ana cire musu, amma sai sun faɗa an shirya. Mai ciki ma ana yi mata allurar kashe wuri, an fi son tsakiyar cikin, wata na huɗu zuwa na shida, in abin zai iya jira.

Ba kowane haƙorin hankali ake cirewa ba, kuma likitan da ya ce a bar naka ba ƙyuya yake yi ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, tun a shekarar 2000 ta ce a daina cire wanda ba ya ciwo don tsoron gaba kawai. Ta ce kumburi na farko, in bai yi tsanani ba, bai isa dalili ba; na biyu da abin da ya biyo baya, ya isa. Haka ruɓewar da ba ta gyaruwa, ko tarin mugunya. Wannan ma'auni ya yi min daidai da hankali, don garin neman gira ba a so a rasa ido. Da shi nake auna masu zuwa wurina. Karo na farko ne, ba zazzaɓi, baki na buɗuwa? Je a wanke maka, a ɗauki hoto, wataƙila ko kafso ba za ka sha ba. Ya dawo? To, ka daina yi wa kanka alkawarin wannan ne na ƙarshe. Shekaru ma suna cikin lissafi, don ƙashin ɗan 22 ya fi na ɗan 40 sakin haƙori, kuma ya fi saurin warkewa.

Sau da yawa ma ba zaɓi ba ne tsakanin biyun, jeri ne. Mutanenmu na cewa ba a cire haƙori yana kumbure. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: allura ba ta kamawa sosai a naman da ya yi mugunya, kuma bakin da bai buɗe ba likita ba shi da hanyar aiki. Shi ya sa wani lokaci ake wanke wurin, a ba da magani na 'yan kwanaki, a sa ranar cirewa. A nan ne mafi yawanmu muke zamewa, da sauƙi ya samu sai ranar ta wuce ba mu je ba. In kuma mugunya ta taru, likita ba ya jiran ta sauka da kanta, tsagawa yake yi ya fitar da ita, ko ya cire haƙorin a ranar in hali ya yi.

Ta fuskar aljihu, kafso ne ya fi araha a rana ɗaya, shi ya sa yake cin kasuwa. Amma ni sau uku na saya, kowane karo da kwanakin da na yi ina koyarwa da rabin baki, ga cikon maƙwabcin haƙorin da ya biyo baya. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda aka kafa a 2003, ta haɗa da cire haƙori da tsaga kumburi a fitar da mugunya da ciko mai sauƙi a asibitocin da ke karɓar kati. A duba katin yana raye tun kafin ciwo ya zo. Da *929# ake sabunta shi a waya, a biya ta MoMo. Kafin a fara aiki a tambaya ƙarara abin da katin ya ɗauka da abin da za a biya daga aljihu, musamman babban hoto. Asibitin gwamnati sai sammako da haƙurin layi, na kuɗi ya fi sauri ya fi tsada. Haƙorin da ke kwance cikin ƙashi ko ya kusanci jijiya, akan tura shi wurin ƙwararrun tiyatar baki da muƙamuƙi, a nan Kumasi asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa ke kira Jii, a Akra kuma Korle Bu. Wanda ke yawo da filaya a kasuwa ko tasha, babu hoto, babu tafasasshen kayan aiki, haƙorin hankali na ƙasa ya fi ƙarfinsa, saiwa zai karya ya bar maka a ciki. Mai niyyar azumi kuma ya yi dabara ya gama da haƙorinsa tun Sha'aban, don maganin awa takwas-takwas ba ya shiga tsakanin buɗa-baki da sahur. In ciwon ya kama a cikin watan, marar lafiya yana da rangwame, ya sha ya rama.

Saura hali guda wanda ba a tsayawa auna komai. Wani dare maƙwabciyarmu ta buga min ƙofa, "Malam, zo ka ga ɗanka." Saurayi ne mai gyaran babur a Asawase, mako guda yana shan topaye a kan haƙorin ƙasa. Na same shi zaune ya dafa gwiwa, ya kasa kwanciya. Ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura hagu da dama, na taɓa na ji tauri kamar katako. Harshe ya tasa sama, yawu na zuba don ya kasa haɗiyewa, muryarsa kamar ya cusa doya mai zafi a baki. Na ce, "Hajiya, wannan ba na gida ba ne, ɗauko mayafinki." Wannan shi ne ciwon da likitan Jamus Wilhelm Friedrich von Ludwig ya bayyana a 1836, har yau da sunansa ake kiransa, kuma mafi yawa daga haƙoran ƙuryar ƙasa yake tasowa. Kumburin yana tura harshe baya ya toshe hanyar iska, cikin sa'o'i yana iya kashe mutum. Wahalar haɗiya, wahalar numfashi, sauyin murya, kumburin da ya sauka wuya ko ya hau har ya rufe ido, zazzaɓi mai karkarwa, baki ya ƙage: ko ƙarfe biyun dare ne a nufi sashen gaggawa, in babu mota a kira 112. Yaron ya kwana a ɗakin tiyata. An tsaga ƙarƙashin haɓa an sa robobin da mugunya ke bi ta fita, an cire haƙorin, antibayotik kuma ta jijiya aka riƙa ba shi, ba a kafso ba. Ya fi mako a kwance. Yanzu ya koma bakin aikinsa, tabon ɗinki biyu ne a ƙarƙashin gemunsa, in ya ɗaga kai yana duba injin ana ganinsu.